Babanmu da Wutar Tsibiri

Garinmu ba gari ba ne sosai. Tudu ne mai 'yan gidaje a yammacin ruwan Tiga. Da rani ana zuwansa da ƙafa ko a kan acaɓa, ta cikin busasshiyar laka da gonakin albasa. Amma da zarar damina ta zauna dam ya cika, sai ruwa ya zagayo ta bayanmu ya haɗe, mu wayi gari a tsibiri. Haka za mu zauna har sanyi ya wuce. A wannan tsakani duk abin da zai shigo mana, daga gishiri har amarya, a kwalekwale yake zuwa.

Ƙauyen kakanninmu na asali yana ƙarƙashin ruwan. Da aka tashe su, yawancin dangi sun tafi sabon matsugunin da aka ba su, kakana kuwa ya ce shi ba zai zauna inda ba zai hango gonarsa ba, ko da ruwa ne a kanta. Ya hau tudun da ya fi kusa ya kafa bukka, wasu suka biyo shi. Manoma ne, ruwa ya mai da 'ya'yansu masunta. 'Yan uwanmu na tsallake, masu zama a bakin titi, suna kiranmu 'yan ƙasar waje. In mun je kasuwar Kafin Maiyaƙi sai su tambaye mu yaya mutanen ƙasarmu, ko mun sha wahala wajen tsallako iyaka. Ba ma jin haushi, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Babanmu masunci ne kamar kowa a tudun, sai dai shi yana da rediyo, kuma duk abin da ta faɗa yana ɗauka kamar da shi ake. In ya dawo daga ruwa da hantsi zai baza koma a kan danga, ya jingina da ɗorawar ƙofar gidanmu, ya kunna. Wata rana ya ji ana labarin wata 'yar ƙaramar ƙasa a tsakiyar teku, wadda duk man injinanta a jirgin ruwa ake kai mata, amma duk da haka kowane gida da lantarki. Ya kashe rediyon, ya daɗe yana kallon tsallake, inda falwayoyi suke jere a bakin titi suna wucewa Tudun Wada ba su san da zamanmu ba. Sannan ya shigo gida ya sami Innarmu a gaban murhun banda.

"Kin ji wata ƙasa," ya ce, "ruwa ya kewaye ta kamar mu, amma suna da wuta."

"To Allah ya sanya musu albarka," in ji Inna. Ba ta ɗago ba, tana juya tarwaɗa a kan raga.

"Ba addu'a na zo ki yi musu ba. Cewa nake, in su sun iya, mu me zai hana mu?"

"Mu ma ga wuta nan, Malam. Ɗan matsa, kana tare mini iska."

A lokacin na gama sakandare ina gida, ina taya Inna sana'arta. Ita ce babbar mai bandar kifi a tudun, kuma a ganinta hayaƙi ya riga ya warware duk wata matsalar kifi tun zamanin iyaye. Baba yana da nasa lissafin. Ɗanyen kifi ba ya jira, dillalan tsallake kuma sun san haka. Za su zauna a bakin ruwa suna hira har rana ta take, cikin karfasa ya fara laushi, sannan su taso su taya yadda suka ga dama. Baba ya ce in da firiza, kifi ne zai zauna ya huta, dillalai su yi ta gaggawa.

Da farko ya bi hanyar da ta dace. Ya tara magidanta bayan sallar Juma'a, aka zaɓi waɗanda suke da rigunan fita, suka tsallaka wurin masu wuta. An karɓe su da mutunci, aka ba su kujeru da ruwa, aka yi musu bayanin cewa ba a dasa falwaya a cikin ruwa, wayar da ake bi da ita ta ƙarƙashi kuma ba ta 'yan gidaje irin namu ba ce. Sauran sun dawo jiki a sanyaye. Shi kuwa Baba abin da ya tsaya masa a rai ruwan da aka ba su. Ya yi ta ba mu labarinsa, yadda kofin yake gumi, yadda ya ji sanyin har cikin haƙoransa. Inna ta ce ashe dai tafiyar ba ta tashi a banza ba.

Ba a daɗe ba ya sayar da bijimin da yake kiwo a rugar Ardo, dattijon Fulanin da ke maƙwabtaka da mu ta gefen da ruwan bai da zurfi. Ya sayo janareto na hannu a wurin wani mai aski a Kafin Maiyaƙi. Ranar da zai iso duk tudun ya fito bakin ruwa. Muka hango kwalekwale yana tahowa a hankali fiye da kullum, maƙwabcinmu yana tuƙi, Baba na zaune a tsakiya ya rungume wani abu da aka lulluɓe da atamfa. Da suka matso Inna ta ƙara buɗe ido.

"Malam, wannan ba zanen da na ɗaura a bikin 'yar ƙanwarka ba ne?"

"Ruwa yana fantsama," ya ce. "Ba a so ya taɓa shi."

"Ni da na shigo tudun nan ina amarya, ban ga an lulluɓe ni haka ba."

Ya gina wa injin ɗaki na kansa, da rufin kwano da ƙofa da kwaɗo, alhali madafin Inna na ciyawa ne kuma yana yoyo. Babu mai jan igiyarsa sai shi. Zai tsaya ya yi bisimilla, ya taka shi da ƙafa ɗaya, ya ja, in ya tashi ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Tun daga wannan mako aka fara kiransa Ministan Wuta. An fara ne a bayan idonsa, da ya ji bai hana ba, sai sunan ya zauna.

Firiza ta zo bayan kaka, ita ma ta hannu, fara, doguwa kamar makara. Sai da aka ɗaure kwalekwale biyu aka shimfiɗa katako kafin ta tsallako. Aka shigar da ita rumfar tsakar gida, aka tayar da inji, Baba ya jona. Injin ya yi tari, ya yi wani nishi mai tsawo kamar jaki da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa, ya mutu. Aka sake tayarwa, ya sake mutuwa. Mutane suka fara tuna cewa suna da aiki a gida, suka zame ɗaya ɗaya, don ba wanda yake son dariya ta kuɓuce masa a gaban Baba. Daga baya bakanike ya ce injin na aski ne, ƙarfinsa bai wuce na almakashin wuta da fanka ba.

Washegari Inna ta wanke firizar tas, ta shanya ta, ta jera garin tuwo da daddawa a gefe guda, kayan fitarta a ɗaya gefen.

"Tunda nake ban taɓa samun akwatin da ya gagari ɓera ba sai wannan," ta ce. "Allah ya saka da alheri, Malam."

Baba ya dube ta yana neman inda zolayar take, bai samu a fuskarta ba, ya amsa da amin.

Injin bai zauna banza ba. Lokacin wayar hannu ta fara yawa, kuma kafin nan sai mutum ya ba mai zuwa kasuwa saƙon wayarsa a yi masa caji a tsallake. Baba ya kafe soket a jikin wani dogon katako, ya kafa dokoki. Bayan la'asar ake kawo waya. Kowa ya ɗaura wa tasa zare ko tsumma don kada a rikita. Mai waya ba zai tsaya a kanta ba, wai yawan dubawa yana hana ta cika. Ardo yakan zo da wayoyin rugarsu duka a cikin ƙwarya, da wata ƙwaryar ta nono a kai. Baba ya ƙi karɓar komai daga gare shi sai nonon, shi ya sa Inna take cewa ribar lantarki da ta gani da idonta ita ce furarmu ta ƙara daɗi.

Abin da ba a sa cikin dokokin ba shi ne wa zai amsa in waya ta yi ƙara tana jikin katako. Baba ya ga rashin ladabi ne a bar mutum yana ta sallama ba a amsa ba. Sai ya ɗauka ya ce, "Wa alaikumus salam. Mai wayar ba ya nan, tana caji. Me za a ce masa?" Mutane kuwa sai su faɗa. Ta haka ya riga kowa sanin wanda aka haifa a Bebeji, da wanda saniyarsa ta ɓata a dajin Falgore, da saurayin da ke kiran 'yar maƙwabtanmu. In mai waya ya zo karɓa, Baba zai miƙa masa ita tare da saƙon, wani lokaci har da shawara. 'Yan mata suka koyi kashe waya kafin su kawo.

Sai maganar masallaci. Ladaninmu tsoho ne, muryarsa siririya, in iska tana kaɗawa daga ruwa gidajen ƙarshe ba sa jinsa. Baba ya samo lasifika ya ce daga yau har tsallake za a riƙa jin kiran sallar tudun nan. Wayar da ke akwai gajeriya ce, don haka aka ɗauko injin aka ajiye a jikin bangon masallaci. Da azahar ta yi, mu da ke cikin gida abin da muka ji shi ne rurin inji, sannan can a bayansa wani abu mai kama da muryar ladan. A hankali mutane suka saba, da sun ji inji ya tashi sai su ɗauki buta. Ladan ya jure na ɗan lokaci, sannan wata rana ya tari Baba a ƙofar masallaci.

"Malam, ina da tambaya. Tunda yanzu injin ne yake tara jama'a, ladan kiran nawa ne ko nasa?"

Da yamma Baba ya mayar da injin ɗakinsa, lasifikar ta zauna a kan reshe, tsuntsaye suka yi sheƙa a ciki.

Riƙon inji a tsibiri sai mai haƙuri. Fetur a jarka yake zuwa, daga gidan mai zuwa bakin ruwa a acaɓa, daga nan a kwalekwale, kuma a hanya yakan ragu ba tare da an san wanda ya rage shi ba. In inji ya lalace, bakaniken da ya san kansa yana tsoron ruwa. Ya rantse ko mahaifiyarsa ce a tudun ba zai shiga kwalekwale ba. Saboda haka injin ne ake kai masa, kamar mara lafiya, Baba na riƙe da shi. Wani lokaci a kwantar da shi can, Baba ya riƙa tsallakawa dubiya. Inna ta taɓa ce masa yayarsa ta yi wata da watanni tana fama da ƙafa bai je sau biyu ba, amma inji ya yi mura ya kusa tarewa a gareji. Ya ce yayarsa tana da 'ya'ya, injin kuwa ba shi da kowa sai shi.

A bikina injin ya yi mutuwar da bai tashi ba. Baba ya shirya masa tun da wuri, an canza filogi, an zuba sabon baƙin mai, an aro manyan lasifiku daga tsallake. Ranar kamu da yamma aka tayar, kiɗa ya cika tudun, 'yan mata suka shiga fili. Ana tsakiyar rawa injin ya yi wata ƙara, ya fitar da farin hayaƙi, ya yi shiru. Matan ba su jira ba, suka kifa ƙwarya a ruwa suka ci gaba da nasu kiɗan, har tsofaffi suka taso, kowa yana cewa wannan ya fi. Ni daga ƙarƙashin mayafi na hango Baba a tsugune gaban injin, ba ya taɓa shi, kallonsa kawai yake yi. Da aka kawo ni yi masa sallama washegari, bayan ya gama nasihar da iyaye suke yi, sai ya ce, "Ki yi haƙuri. So na yi a ji bikinki har bakin titi." Na ce masa an ji. Kukan da na yi a wurin ba duka na rabuwa da gida ba ne.

Tudun ya koma aika waya tsallake na wasu shekaru. Sunan Minista bai bar Baba ba, ko da yake ba abin da ya rage a hannunsa sai makullin ɗakin inji.

Yayana, wanda ke tuƙin mota a wurin masu haƙar ma'adinai a Riruwai, shi ya kawo canji. Ya ga masu shaguna a can suna sayar da ruwan sanyi ba inji ba falwaya. Ya tara abin da ya tara, ya sayo farantan sola da batura da wata ƙaramar firiza da aka yi don su, ya zo da mai haɗawa. Baba ya zagaya kayan hannunsa a baya.

"Ina ake ja?" ya tambaya.

"Ba a ja, Baba."

"Ina ake zuba mai?"

"Ba ya shan mai. Rana kawai."

"Ba ya ƙara?"

"Ko kaɗan."

Baba ya ce, "To yaya mutane za su san an kunna?"

Rufin ɗakunanmu ba zai ɗauki farantan ba, sai aka kafa musu rumfa a tsakar gida, tsayinta bai wuce kafaɗar babba ba, aka kwantar da su suna kallon sama. Baba bai yarda da abin ba sai ranar da ya buɗe firiza ya taras ruwan da ya sa a kwano ya zama dutse. Ya juye ƙanƙarar a faranti ya bi gida gida da ita, yana sallama yana nunawa, tana ɗiga a kan babbar rigarsa. Kafin ya kai gidan ƙarshe abin da ya rage bai fi goro ba, amma sai da ya shiga ya nuna.

Na dawo gida wankan jego na haihuwar fari a kakar da ta biyo baya, don haka abin da ya faru a gabana aka yi shi. Wuta ta fara wasa. Akwatin da ke jikin batura ya riƙa kuka yana nuna ja, ƙanƙara ta koma ruwa-ruwa, kifi ya ƙi daskarewa. Abin mamakin shi ne ba kullum ba ne. In Baba yana gida lafiya ƙalau. In ya tafi kasuwa ko ya yi nisa a ruwa, sai ya dawo ya taras da ja.

Ya fara da yayana. Ya kira shi ya ce an cuce shi, an sayar masa da baturan da suka gama aiki a wata ƙasa. Yayana ya aiko mai haɗawa, ya auna komai a gaban Baba, ya ce garau suke. Sai zargi ya koma kan maƙwabta. Baba ya bi gindin danga yana tona ƙasa da sanda, ko wani ya binne waya yana jan wuta a ɓoye. Bai sami komai ba sai ƙwan zabi. Har Ardo bai tsira ba, aka ce wayoyin ruga sun yi yawa, a riƙa kawo rabi yau rabi gobe. Ardo ya ce to, ya rage nonon shi ma zuwa rabi.

Ni na san abin da ke faruwa, don ɗakin da nake jego yana kallon rumfar. Amma matar da ke tafasa mini ruwan wanka safe da yamma, tana riƙe da ganyen da za ta fyaɗa mini a baya, ba ita zan kai ƙara ba. Sau ɗaya Baba yana ta bincike na buɗe baki, Inna ta dube ni ta tambaye ni ko ruwan jiya ya yi mini sanyi ne a ƙara wuta. Na ce a'a, ya yi daidai.

Ranar da asiri ya tonu ranar kasuwa ce. Baba ya fita, ya kai bakin ruwa, ya taras kwalekwalen da zai shiga ya fara shan ruwa ana liƙe shi, sai ya dawo gida ya jira. Ya yi sallama ya shigo, ya tsaya. Farantan sola ba a ganin ko tafin hannu a jikinsu. An baza yankakkiyar kuɓewa daga wannan gefe zuwa wancan, ga jan tattasai, ga ganyen rama a kusurwa, an ja layi da kara tsakanin na Inna da na maƙwabta. Matan da suka zo juya nasu suka gaishe shi a gurguje suka fice.

"Wannan mene ne?" ya ce.

"Kuɓewa ce, Malam."

"Na san kuɓewa."

"To wancan tattasai ne."

"Kin san abin nan rana yake ci?"

"Ita ma kuɓewar rana take ci. Ranar ce ta ƙare?"

"Kin rufe masa fuska. Na zagi ɗana, na zargi maƙwabcina, na ɓata da Ardo."

"Ni ba ka tambaye ni ba," in ji Inna. "Wuri na gani mai tsafta, ga zafi, akuya ba ta kaiwa, ƙasa ba ta shiga. Abin da ke kwana uku a tabarma, a nan kafin la'asar ya bushe. Tun yaran nan suna goye nake cewa ka yi mini rumfar shanya."

Na zaci zai yi faɗa. Ya daɗe a tsaye yana kallon kuɓewar, sai na ga dariya tana neman kuɓuce masa, ya juya baya don kada mu gani. Da ya juyo ya ce a ba shi faifai. Shi da kansa ya kwashe, Inna tana tsaye tana nuna masa, wannan na gidan liman ne kada ka haɗa, wancan na mai koko ne. Washegari ya ɗauki guduma ya kware kwanon ɗakin inji, ya kafa mata rumfar shanya a gefen madafi. Tsohon injin ya koma ƙarƙashin gadonsa, yana nan har yau. Inna ta gwada sabuwar rumfar ta ce ba laifi, amma ba ta kai waccan ba. Ya tsallaka ruga da goro ya ba Ardo haƙuri, nono ya dawo yadda yake.

Daga nan wuta ta zauna. Kifi ya jira kamar yadda Baba ya ce, dillalai suka rage dogon zama a bakin ruwa. Sai dai masu zuwa daga Kano ba su daina tambayar bandar Inna ba, kuma ita ma firizar a hankali ta sauya hannu. Inna ta fara da neman ɗan wuri a kusurwa don zoɓo. Kunun aya ya biyo baya, sai ƙanƙarar sayarwa a leda. Kafin shekara ta zagayo kifin Baba ne yake neman kusurwa, makullin firiza kuma yana ɗaure a bakin zanen Inna. Da azumi, in wutar tsallake ta ɗauke ta daɗe ba ta dawo ba, 'yan bakin titi sukan zo neman ƙanƙarar buɗa-baki. Baba zai sa a shimfiɗa musu tabarma, ya tambaye su yaya hanya, yaya kuma sha'anin wuta a can wajensu, yana girgiza kai cikin tausayawa.

Yanzu ya daina shiga ruwa, idonsa ya rage, gwiwa ma ta fara gardama. Gidaje da yawa a tudun sun sayi nasu ƙananan farantan, ba mai kawo masa waya sai tsofaffin abokai, su ma hira ce take kawo su. Aikin da ya riƙe shi ne shara. Kowace safiya zai ɗaura tsumma a bakin gora ya goge farantan tas, sannan ya fita zagaye, ya shiga gidajen mutane ba a kira shi ba ya duba nasu, ya gaya musu sun bar kashin tsuntsu a kai. Suna ce masa ranka ya daɗe, suna gogewa a gabansa, in ya fita su koma abin da suke yi.

Zuwana na ƙarshe da bazara ne, ana zafi sosai. Ina shirin komawa Kano ya tambaye ni labarin wuta a unguwarmu, na ce taransifomarmu ta lalace, mun kwana biyu a haka. Ya tausaya ƙwarai. Ya sa Inna ta buɗe firiza, ya zaɓi ƙanƙara mafi girma, ya naɗe ta da buhu da tsohon bargo, ya ce in kai wa maigidana da yara. Na ce Baba hanya da nisa. Ya ce tasa ba irin ta kasuwa ba ce, tana da ƙwari.

Na hau acaɓa da ita a cinya, jaririna a goye. A Kafin Maiyaƙi na shiga mota, mutum huɗu a kujerar baya. Kafin Kwanar Ɗangora matar da ke kusa da ni ta fara ɗage ƙafa tana duba ƙasa, ta dubi jaririn da ke bayana, ta dube ni. Na yi mata bayani, ta yi dariya, ta ce in ba ta gefen bargon ta ɗora a wuya. Haka muka yi ta miƙa shi hannu hannu har direba ya nemi nasa rabon.

Ina shiga gida wayata ta yi ƙara.

"Kun sauka lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ƙanƙarar ta iso?"

"Ta iso, amma yawancinta a zanena take."

Na ji Inna daga nesa tana tambayar me na ce. Sannan ya ce laifin bargon ne, ya yi sirara. In na tashi zuwa da sallah in taho da kula babba.